Haki a gudun dogon zango: laifin huhu ne ko na ƙafa?

Ɗan Sabon Gari

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tambaya ce gare ni ga masu ilimin motsa jiki da waɗanda suka daɗe a harkar gudu. Me ya sa mutum biyu, sa'annin juna, masu nauyi kusan ɗaya, za su taso tare daga PZ su nufi Kwangila da sauri iri ɗaya, amma kafin a kai rabin hanya ɗaya ya fara haki har ba ya iya amsa sallama, ɗayan kuwa yana gudu yana hira? Wasu sun ce mini girman huhu ne, kuma halitta ce da ba a iya sauyawa. Wasu kuma sun ce in riƙa rufe baki ina numfashi ta hanci kawai har huhuna ya buɗe. Ina shirin shiga gudun kilomita 21, shi ya sa nake son in san inda zan sa ƙarfina.

Tsohon Soja na Basawa

Wa alaikumus salam, ɗana. Waɗanda suka ce ka rufe baki gaskiya suka faɗa maka, domin haka aka horar da mu. Wanda ya saki baki yana gudu maƙogwaronsa zai bushe, ƙishirwa ta kama shi, daga nan suka ta tokare shi a kwiɓi. Ka lura da doki ranar hawan sallah idan ana sukuwa a ƙofar fada: duk gudun da yake zabgawa ba za ka gan shi yana numfashi ta baki ba, hancinsa ne kawai ke buɗewa, kuma babu ɗan Adam ɗin da ya kama ƙafarsa a gudu.

Malamar Samaru

Baba, Allah ya ƙara girma, zan dawo kan maganar doki, amma bari in fara da tambayar ƙanena. A jikin mai lafiya, ba kasafai huhu ke zama abin da ke tsayar da mai gudu ba. Jinin da ke fitowa daga huhu yana ɗauke da kusan kashi 97 zuwa 98 cikin ɗari na iskar oksijin da zai iya ɗauka, ko mutum yana zaune ko yana sassarfa, saboda haka ƙarin iskar da za ka zuƙa ba ta da wurin zama a cikin jinin. Abin da ke yi wa mutum iyaka shi ne yawan jinin da zuciya ke turawa a minti guda, da yadda tsokar ƙafa ke sarrafa abin da ya iso mata. Zuciyar mutumin da ke hutawa tana tura kimanin lita 5 a minti, ta gwanayen gudu kuwa tana haura lita 30 idan gudu ya yi gudu.

Abu uku masana ke aunawa a jikin mai gudun dogon zango: iyakar oksijin da jikinsa zai iya sha a minti, da kason wannan iyaka da zai iya riƙewa na dogon lokaci ba tare da ya sare ba, da kuma yawan oksijin da yake ƙonawa kafin ya ci kilomita ɗaya. Wannan na ukun, wato tattalin ƙarfi a cikin gudu, shi ne amsar tambayarka. Babura biyu masu inji iri ɗaya za a zuba musu fetur daidai wa daida, ɗaya ya kai Giwa, ɗayan ya mutu a Shika, ba don tankinsa ya fi ƙanƙanta ba sai don ya fi shan mai.

Ga misali da lissafi. A ce ku biyun kowa kilo 60 ne. Abokin gudunka yana ƙona mililita 200 na oksijin a kan kowane kilo na jikinsa a kilomita ɗaya, wato lita 12, kai kuma kana ƙona 220, wato lita 13.2. Kafin jiki ya sami lita ɗaya ta oksijin sai an shigar da iska kimanin lita 25 an fitar, don haka a kowace kilomita kana jan iska kusan lita 30 fiye da shi, alhali titi ɗaya kuke takawa. Hakin da kake ji a ƙirji, ƙafafunka ne suka jawo shi.

Game da doki kuwa, Baba, ba horo ba ne ya hana shi buɗe baki. Halittar maƙogwaronsa ce ta sa ba ya iya numfashi sai ta hanci, kuma hanyar hancin nasa tana wuce da iska fiye da lita 1,000 a minti idan yana sukuwa. Hancin mutum ƙarami ne, idan buƙata ta kai wajen lita 35 zuwa 40 a minti yawancin mutane sukan buɗe baki ba tare da sun yi niyya ba, ga shi kuma mai gudu da ƙarfi yana buƙatar lita 100 zuwa 150, manyan gwanaye har fiye da haka. Wanda ya dage sai ta hanci a irin wannan hali saurinsa kawai zai rage.

Tsohon Soja na Basawa

'Yata, na ji lissafinki, amma ni na ga samarin da aka hana buɗe baki, bayan 'yan watanni suka daina haki. Wannan da idona na gani.

Malamar Samaru

Ban musa abin da ka gani ba, Baba, sai dai dalilinsa nake dubawa. Saurayin da aka hana buɗe baki dole ya sassauta gudunsa zuwa inda hanci zai wadatar da shi, kuma irin wannan gudu na sannu, idan aka daɗe ana yi, shi ne ke ƙarfafa zuciya, ya ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka. Watannin da suka yi suna gudu kullum su suka yi aikin, rufe bakin linzami ne kawai da ya hana su wuce gona da iri. A kan haka ina goyon bayanka: a ranakun gudu mai sauƙi, wanda ba ya iya numfashi ta hanci ko faɗin cikakkiyar jimla ya san ya yi sauri da yawa. Ranar gasa kuwa a bar baki da hanci su yi aiki tare.

Kocin Tudun Wada

Malama ta taɓo inda nake so. Akwai misalin da nake yawan ba yarana, na Paula Radcliffe 'yar Ingila, wadda ta yi gudun famfalaki na Landan, mai kilomita 42, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25 a 2003. Masanin da ya riƙa gwada ta tun tana budurwa, Andrew Jones, ya nuna cewa daga 1992 zuwa 2003 iyakar oksijin da jikinta ke sha ba ta wani sauya ba, tana nan wajen mililita 70 a kan kowane kilo a minti. Abin da ya sauya shi ne tsadar gudun nata, wadda ta sauko daga wajen mililita 205 a kan kowane kilo a kilomita zuwa 175, ragin kusan kashi 15 cikin ɗari. Shekara goma sha ɗaya ta ɗauka kafin ta kai haka, ba wata uku ba, kuma wannan ne abin da yaranmu ba sa son ji. Tun kafin ita ma akwai Derek Clayton na Ostareliya, wanda aka auna shi bai cika 70 ba, adadin da ake ganin ƙarami ne ga gwani, amma a 1969 ya yi awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 33 a gudun famfalaki na birnin Antwerp.

Shawarata ga ɗan Sabon Gari ita ce ya gyara takunsa. Yawancin masu farawa suna miƙa ƙafa can gaba da jiki, dunduniya ta daki ƙasa gwiwa a miƙe, kowane taku ya zama birki. Ya rage faɗin taku, ya ƙara yawansa har ya kai 180 a minti, ya saki kafaɗu, ya daina dunƙule hannu kamar mai shirin dambe.

Malamar Samaru

Koci, na yarda da maganar birki da ta sakin kafaɗu, amma 180 ɗin nan ina da ja a kansa. Asalinsa Jack Daniels ne, kocin Amurka, ya ƙirga takun 'yan gudu a gasar Olamfik ta 1984 ya ga kusan dukkansu suna yin 180 ko fiye. Gwanayen duniya ke nan a tsakiyar gasa, ba mai sassarfar asuba a titin Sakkwato ba. Yawan taku yana tafiya ne da sauri da tsawon ƙafa. Tun 1982 binciken Cavanagh da Williams ya nuna cewa wanda ya saba gudu yakan zaɓi faɗin takun da ya fi masa araha da kansa, kuma idan aka tilasta masa ya faɗaɗa ko ya matse, shan oksijin ɗinsa ƙaruwa yake yi. Idan har an ga yana miƙa ƙafa fiye da kima, a ƙara masa taku kaɗan a kan nasa, ba a ɗora wa kowa lamba ɗaya ba.

Inda na fi son a mai da hankali shi ne agara. Idan ƙafa ta sauka, jijiyar agara tana miƙewa ta ajiye ƙarfi, sannan ta mayar da shi lokacin tashi, kuma wannan ƙarfin kyauta ne, ba a biyan oksijin a kansa. An ƙiyasta cewa agara tana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin kowane taku, lanƙwasar tafin ƙafa ta ƙara wajen kashi 17 cikin ɗari. Wannan jijiya kuwa tana jin horo. A ƙasar Finland, a 1999, an ɗauki 'yan gudu aka maye musu wani ɓangare na gudunsu da tsalle-tsalle da gajeren gudu mai ƙarfi na mako tara, lokacinsu a kilomita 5 ya ragu, tattalinsu ya inganta, alhali iyakar oksijin ɗinsu ba ta ƙaru ba. Ɗaga ƙarfe mai nauyi sau biyu a mako, da tsallen igiya, da hawan tudu irin na gindin Kufena, duk suna yin wannan aiki.

Kocin Tudun Wada

To Malama, na karɓi gyara a kan masu tsayi, amma har yanzu ina ganin lamba tana taimakon yaro, domin yana iya ƙirga ta, agara kuwa ba ya ganinta. Mu bar wannan a haka.

Likitan Ƙirji

Ina son in ɗan rage wa maganar Malama kaifi, domin kada a fita daga nan da tunanin cewa numfashi ba shi da tsada ko kaɗan. Tsokokin numfashi, wato shimfiɗaɗɗiyar tsokar da ta raba ƙirji da ciki da waɗanda ke tsakanin haƙarƙari, su ma oksijin suke ci. A zaune abin da suke ci bai taka kara ya karya ba, amma idan mutum ya ƙure gudu sukan cinye kusan kashi 10 cikin ɗari na duk abin da jiki ke sha, a jikin manyan gwanaye har kashi 15. Jerome Dempsey da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin sun yi gwaji mai ban sha'awa a 1997: suka ɗora 'yan tseren keke a kan aiki mai tsanani, suka haɗa su da na'urar da ke ɗauke musu wani ɓangare na wahalar zuƙar iska, sai jinin da ke zuwa ƙafa ya ƙaru, da suka tsananta musu numfashin kuma sai ya ragu. A wani gwajin da ya biyo baya, sauƙaƙa numfashin ya ƙara musu juriya da kimanin kashi 14 cikin ɗari. Ma'ana, idan tsokar numfashi ta gaji, jiki yana matse jijiyoyin jinin ƙafa domin ya fifita ta. Sai dai wannan yana faruwa ne a can ƙurewar gudu, irin na kilomita 5 ko ƙarshen gasa, ba a sassarfa ba.

Abu na biyu, ba ƙarancin oksijin ne ke fara sa mutum haki ba. Taruwar iskar kabon da tsamin da ke ƙaruwa a jini, tare da saƙon da ƙwaƙwalwa da tsokoki ke aikawa, su ke tunzura numfashi. Akwai kuma kimanin mililita 150 na kowace zuƙa da ke tsayawa a maƙogwaro da bututun iska ba ta isa inda ake musaya da jini. Wanda ke numfashi sama-sama da sauri, yana ɗaga kafaɗu, kaso mai yawa na iskarsa a nan yake ƙarewa. Shi ya sa zuƙa mai ɗan zurfi, wadda ciki da ƙananan haƙarƙari ke buɗewa, ta fi riba. Amma kada a wuce gona da iri a nan ma, domin cika huhu maƙil a kowace zuƙa shi ma aiki ne mai cin ƙarfi.

A kan hanci kuma Baba yana da hujjar da bai ambata ba, wato hunturunmu. Hanci yana ɗumama iska, ya jiƙa ta, ya tace ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda ya fita da asuba cikin hazo baki buɗe yana zuba wa bututun iskarsa busasshiyar iska mai sanyi, kuma a jikin wasu wannan yana sa bututun ya tsuke. Alamarsa tari, da ƙarar fito a ƙirji, da jin an ɗaure ƙirji, galibi 'yan mintoci bayan an tsaya. Wannan ba ragwanci ba ne, nau'in asma ce da motsa jiki ke tayarwa, tana da magani, kuma gwanaye da yawa suna gasa da ita. Haka nan wanda hakinsa ya ƙaru kwatsam bayan zazzaɓin cizon sauro, ko mace mai zubar jini da yawa a al'ada, a auna jini kafin a zargi huhu, domin ƙarancin jini yana rage abin da ke ɗaukar oksijin ɗin ne gaba ɗaya.

Mai Keke na Kwangila

Dokta, Allah ya saka da alheri. Ina ganin wasu samari suna gudu da wani baƙin takunkumi mai bawul, suna cewa daidai yake da horo a kan tsaunukan Kenya. Shin kuɗinsu ya biya? Sannan mu a keke mun san wanda ya laɓe a bayan wani yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku, ko masu gudun ƙafa ma suna samun haka?

Likitan Ƙirji

Takunkumin ba ya kai kowa Kenya, Malam. A garin Iten na Kenya, mai tsayin kimanin mita 2,400, oksijin na nan kashi 21 cikin ɗari na iska kamar a Zariya, wadda ba ta kai mita 700 ba. Nauyin iskar ne ya ragu, sai oksijin ya riƙa shiga jini da ƙyar, jiki kuma ya mayar da martani da ƙera ƙarin jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke buƙatar makonni ana kwana ana tashi a can. Takunkumi wahalar zuƙa kawai yake ƙarawa, ya kuma hana mutum yin gudun da ya kamata ya yi. Mai son ƙarfafa tsokar numfashi akwai 'yar na'urar da ake zuƙa ta cikinta a zaune, sau 30 safe da yamma na kimanin mako shida. Tana ƙara wa tsokar ƙarfi, amma ribar da ake gani a lokacin gasa kaɗan ce, kuma ba kowa ke samunta ba.

Kocin Tudun Wada

Laɓewa tana aiki a gudun ƙafa, sai dai ba ta kai ta keke ba saboda saurin bai kai ba. Duk da haka ka tuna yadda aka shirya wa Eliud Kipchoge ɗan Kenya gudunsa na famfalaki a Vienna ranar 12 ga Oktoba 2019, inda ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. An jera masa masu tare iska a gaba da baya ana sauya su, an zaɓi shimfiɗaɗɗen titi da safiya mai sanyi, ana miƙa masa abin sha daga kan keke, ga takalmi na musamman. Babu ɗaya a ciki da ya ƙara masa huhu, duka rage tsadar kowace kilomita suka yi, kuma saboda irin wannan shiri ne ba a karɓi lokacin a matsayin tarihin duniya ba. Takalmin Vaporfly na Nike an gwada shi a Jami'ar Colorado aka ga yana rage cin ƙarfi da kusan kashi 4 cikin ɗari, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta sa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin titi kada ya wuce milimita 40. Wanda ba shi da kuɗinsa ya riƙe wannan: kowane giram 100 da aka ƙara wa takalmi yana ƙara tsadar gudu da kusan kashi 1 cikin ɗari. Idan ka je gwanjo ka ɗaga takalmin a hannu kafin ka dubi sunansa.

Malamar Samaru

Maganar nauyi a ƙafa ita ce ta kai masana, su Bengt Saltin, ga abin da suka gano a Kenya. Da suka gwada 'yan gudun Kenya da na ƙasashen Sikandinebiya, ba su ga wani babban bambanci a iyakar oksijin ba, a tattali suka gan shi, kuma suka danganta wani ɓangarensa da sirantar ƙwauri da sha-raɓa, tunda ƙafar da ba ta da nauyi a ƙasa ta fi sauƙin wurgawa gaba. A nan gida ma ba banza ba ne yawancin gwanayenmu na dogon zango suke fitowa daga Filato, musamman yankin Pankshin, inda tudu da sanyi suka haɗu da yaran da suka taso suna hawa da sauka.

Ɗan Sabon Gari

Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya: wasu na cewa in riƙa ƙirga numfashi da taku, uku a shiga biyu a fita, wai yana hana sukar kwiɓi. In bi wannan?

Malamar Samaru

Doki idan yana sukuwa numfashi ɗaya yake yi a kowane tsalle ɗaya, ba shi da zaɓi, kamar yadda Bramble da Carrier suka bayyana a 1983. Mutum da yake a tsaye yake gudu ƙirjinsa bai ɗaure da ƙafarsa haka ba, yana sauya salo yadda buƙata ta kama, kuma wanda ya saba yakan faɗa kan taku biyu a shiga biyu a fita ba tare da ya ƙirga ba. Ƙirgar tana da amfani idan ka rikice a tsakiyar gasa kana son numfashinka ya daidaita, ko ka sassauta ka fitar da iska da kyau lokacin da suka ta kama ka. Rigakafin sukar kuwa ya fi alaƙa da abin da ka zuba wa cikinka: kada ka cika shi da tuwo ko lemo mai zaƙi ƙasa da awa biyu kafin fita.

Likitan Ƙirji

Ƙari a kan na Malama, tunda kilomita 21 za ka shiga: idan gasar ta faɗo a Maris ko Afrilu, ka sani zafi da kansa yana ƙara bugun zuciya da numfashi a kan sauri iri ɗaya, domin wani kason jinin yana tafiya fata ne don sanyaya jiki. Ka rage saurin da ka saba da shi a hunturu tun daga kilomitar farko. Kuma kafin ka fara horo mai tsanani ka san ko kai AA ne ko AS, domin mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, yana gudu lafiya, amma ƙure kai farat ɗaya cikin zafi da ƙishirwa ya fi masa haɗari fiye da mai AA.